Furanni Tara na Hirek

Shekara ashirin da biyu ni ce mai tara furen Idin Jikin Ubangiji a ƙauyenmu, kuma a duk shekarun nan mutum ɗaya tak ya taɓa ce mini a'a. Maƙwabcina ne, Hieronim, wanda kowa ke kira Hirek.

Aikin ba wani mai wuya ba ne, sai dai yana son mace mai baki, ni kuwa Leokadia, wadda ake kira Lodzia, ba a taɓa ce mini bakina ya yi kaɗan ba. Ranar Laraba, jajiberin idi, nakan ɗauki kwanduna in bi gida gida. Duk abin da ya buɗe a lambun mutum a tsinko a zuba mini. Da yamma mu zauna a zauren coci mu ɓare furen ganye ganye, washegari 'yan mata masu fararen riguna su riƙa watsa shi a kan hanya a gaban Fada, limamin cocinmu, daga na ɗaya har na huɗu cikin bagadan da ake kafawa a bakin hanya. Ba a roƙo, ba a godiya. Ko mashayin da ke ƙarshen layinmu, wanda rabonsa da coci tun ranar aurensa, da ya hango ni da kwando yake shiga gida ya ɗauko almakashi.

Shinge ɗaya ne tsakanina da Hirek da matarsa Regina, wadda muke kira Renia, shi ma na katako ne, rabinsa ya ruɓe. A samartakarsa yana cikin waɗanda aka ɗauka suka haƙa lambatu aka janye ruwan fadamarmu. Kafin nan, in watan Mayu ya kama, fadamar rawaya take komawa tun daga bayan coci har bakin daji, saboda pelnik. Fure ne dunƙulalle kamar gwaiduwar ƙwai a kan dogon kara, ba ya buɗewa sosai, kuma ba ya rayuwa sai inda ƙafar mutum za ta nutse. Aka janye ruwan, aka shuka wa shanu masara, pelnik ya ɓace. Ni dai ban yi kuka ba. Shanuna sun ƙoshi.

Shekara shida kafin abin da zan faɗa, Hirek ya tarar da gindi ɗaya tak a gefen wani tsohon lambatu, ana gobe tarakta za ta bi ta wurin. Ya haƙo shi da ƙasarsa ya dasa a bayan rumbu, a wani kwari inda ruwan rufi ke taruwa. Tun daga nan muka shiga uku da labarin fure. Shekara biyu ganye kawai ya yi. Ta uku ya fitar da kai biyu, agwagin Regina suka yi karin kumallo da su. Ya gwada raba saiwar, rabin da ya cire ya mutu, ya rantse ba zai ƙara sa masa wuƙa ba. Shekarar da ta biyo baya sanyi ya dawo a tsakiyar Mayu ya ƙone komai. Iri yake nema. Can ƙarshen fadama lambatun ya rufta, ruwa ya dawo ya kwanta, a nan yake so ya watsa. Irin kuwa ba ya nuna sai cikin Yuli, in an bar furen a kan karansa.

Wata safiya ina ba kaji hatsi ya kira ni ta shinge.

"Lodzia, zo nan. Bar kajin nan, ba inda za su."

"Me kuma? Furenka ya haihu ne?"

"Tara. Zo ki ƙirga da idonki, tunda ke ba kya yarda da mutane."

Na tsallaka ta inda katakon ya karye na ƙirga. Tara ɗin ne, korra-korra, ko launi ba su fara ba.

"To, Allah ya raya," na ce.

"Bana kada ki shigo mini da kwando."

"Kai Hirek, kana jin abin da bakinka ke faɗa kuwa? Allah za ka hana fure?"

"Fadama guda yake da ita cike da shi, ni na kwashe masa da shebur. Mayar masa zan yi. Ya yi mini haƙuri na wata biyu."

"Tabɗi! Ashe kun yi magana kai da shi. Kawuna tara, mutum ya tsufa amma hankali ya ƙi zuwa. In bana bai yi iri ba, ai baɗi ya yi."

"Ba ni da baɗi," in ji shi.

Haka ya faɗa, kamar mai cewa za a yi ruwa da yamma. Ya ce likita a birni ya nuna masa hoton cikinsa. Za su yi masa aiki don ya samu sauƙin cin abinci, amma abin ya riga ya bazu. In ya ga ƙanƙarar farko, ya ci riba.

"Renia ta sani?"

"Ta san za a yi mini aiki. Ta ɗauka tsakuwa ce. In kika gaya mata sai ta yi mako ba ta sa komai a baki ba, ni kuma ba ni da ƙarfin rarrashi."

"To me ya sa ni ka ɗora wa?"

"Don ke ba ki da tausayi. Ba za ki tsaya mini kuka a shinge ba."

Na ce masa tsohon banza. Ban yi kukan ba, gaskiyarsa.

Litinin ɗin makon idi aka ce ya je ya kwanta a asibiti. Regina gwiwarta ba ta barinta ɗaukar kaya, don haka ban ruwa ya faɗo kaina. Sai da ya tsayar da ni ya karanta mini dokoki kamar sabuwar amarya: bokiti biyu da safe, biyu da yamma, daga rafi ba daga rijiya ba. A zuba a gindi, kada a jiƙa kawunan. Ƙananan ƙudajen da ke shiga cikin furen suna fita kada in kore su, su ne masu aikin, in babu su babu iri.

"Ƙudaje ma yanzu ni zan yi wa ladabi?"

"Ki yi. Sun fi mutanen layin nan amfani."

Ya shiga motar surukinsa da 'yar jakarsa, Regina tana cusa masa burodi da tsiran alade ta taga, shi da aka ce kada ya ci komai.

Shekarar nan idin ya zo da wuri, sanyi kuma ya ƙi tafiya. Piwonia, shukar nan mai manyan furanni, wadda ita ce ke cika mana kwanduna kowace shekara, tana nan a dunƙule gam, ko alamar buɗewa babu. Ranar Laraba na bi gida arba'in da wani abu. Wata ta ba ni tafin hannu guda, wata ta ce in duba da kaina, wata ta kawo mini furen roba na kan talabijin, na ce ta mayar kafin in faɗi abin da zai hana ni karɓar Jibin Ubangiji gobe. 'Yan mata goma sha huɗu ne za su yi watsi, abin da na samu bai cika kwando biyu ba. Raina ya ɓaci sosai. Ba don Allah ba, in faɗi gaskiya, Allah ya san yanayin da ya aiko. Don kaina ne. Shekara ashirin da biyu ba a taɓa ganin gindin kwando a hannun yarinya kafin bagadi na huɗu ba, kuma na san matan da za su tsaya a bakin hanya suna taɓa juna da gwiwar hannu.

Da la'asar na ajiye kwando a kan shinge na ɗebo ruwa na zaga bayan rumbu. Duk taran sun yi rawaya, ƙudajen nan suna ta shige da fice. Regina tana tsaye a kansu da almakashin ɗinki.

"Renia, me kike yi a nan?"

"Sun bugo waya daga asibiti. Jibi Juma'a da safe za su shiga da shi." Idonta ya yi ja, ta sha kuka. "Na yi wa'adi, Lodzia. Na ce wa Ubangiji in ya dawo mini da Tsoho da ƙafarsa, zan shimfiɗa masa furen nan a hanya."

"Ki ba shi wani abu mana. Kyandir, ko ki sa a yi masa addu'a a coci."

"Kyandir? Kowa yana da kyandir. Abin da mutum ya fi so shi ake bayarwa, in ba haka ba ai wasa ne. Me Tsoho ya fi so a duniyar nan? Ba ni ba ce, kin sani, na sani."

"Zai yi faɗa."

"Ya yi ta yi. Ya dawo dai, ya yi ta faɗa har Kirsimeti, ina so."

"Iri yake nema, Renia."

"Baɗi ya samu irinsa. Shekara shida ya jira, ɗaya ba za ta kashe shi ba."

Kalma huɗu ce a bakina, "ba shi da baɗi," na riƙe su saboda na yi alkawari. Haka na daɗe ina gaya wa kaina. Amma ko ban tona asirin ba, da na iya ƙwace almakashin. Na fi ta ƙarfi, na fi ta baki, mata uku irinta ba sa tsayawa gabana in na ce a'a. Da na ce mata amana aka bar mini, ta jira mijinta. Ban ce ba. Na dubi furen, na tuna kwandunan da ke zauren coci. Na ajiye bokitin, na koma shinge na ɗauko kwando na miƙa mata.

Ƙyas, ƙyas, sau tara. Ko minti ɗaya ba ta yi ba. Ta yi alamar gicciye, ta ce Allah ya karɓa. Ni kuma na zuba ruwan a gindi kamar yadda aka ce, bokiti biyu.

Da aka ɓare su a zauren coci, tafi biyu suka ba mu. Tafi biyu kacal. Na gauraya da sauran don rawayan ya bazu. Washegari aka fito da tutoci da ƙararrawa, 'yan kwana-kwana da hulunansu suna riƙe wa Fada rumfa. Na bi gefen 'yan matan ina hararar su don kada su yi almubazzaranci. Rawayan ya faɗi tsakanin bagadi na biyu da na uku, daidai gaban kanti, jama'a suka bi ta kai suna waƙa. Duk da haka kwandunan suka ƙare kafin bagadi na huɗu, 'yan matan suka ƙarasa suna watsa iska da hannu. Matan bakin hanya suka taɓa juna.

Kwana goma sha ɗaya Hirek ya yi. Ya dawo da ƙafarsa, wando yana masa yawa, ya ƙara wa bel ɗinsa huda biyu. Bai shiga gida ba. Daga mota ya zaga bayan rumbu yana dafa bango, Regina tana bin sa, ni ina tsaye ta ɓangarena na shinge da tsintsiya a hannu kamar mai aiki.

Ya daɗe yana kallon kara tara marasa kai.

Regina ta fara zuba, ba numfashi. "Tsoho, kada ka yi fushi. Wa'adi na yi. Ga shi kuwa ka dawo, likita ma ya ce aikin ya yi kyau. Ka ga Allah ya karɓa."

"Ya karɓa," in ji shi.

"Baɗi zai yi goma sha biyar, za ka gani. Ni da kaina zan tsare maka shi, ko agwagwa ɗaya ba za ta zo nan ba."

"To, baɗi."

Ya dafa kafaɗarta ya ce ta je ta ɗora masa miya, marar kitse. Da ta tafi ya juyo ya dube ni. Na gyara tsayuwa, na shirya. Na ma riga na tanadi amsoshi, har da na ajiya.

"Kin ba shi ruwa?"

"Safe da yamma."

"Na gani. Ganyen ya yi kyau."

Shi ke nan. Bai ƙara tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Na ji haushinsa ƙwarai. Da ya zage ni, da na rama, da an wuce wurin. Sai ya ci gaba da gaishe ni kowace safiya, yana tambayar kajina.

Har cikin Yuli shi yake ɗebo ruwansa, rabin bokiti, yana hutawa sau uku a hanya. Yana fata ko furen zai sake fitar da kai, wani lokaci yakan yi in an yanke da wuri. Bai yi ba. A watan Agusta ya daina iya zuwa rafi, na karɓa ba tare da kowa ya ce mini ba. A Satumba ya daina fitowa. Mako na biyu na Oktoba rai ya yi halinsa, ana cikin tonon dankali. Ƙanƙarar ma bai gani ba. Mun binne shi ranar Asabar, aka ci miyar kabeji a ɗakin taro na 'yan kwana-kwana, mazan suka sha abin da suka sha suna cewa ba a yi mai iya riƙe shebur kamarsa ba.

Kwana uku kafin Idin Dukan Tsarkaka, lokacin da kowa ke hawa maƙabarta da tsintsiya da kyandir yana gyara wa nasa, na ji ƙarar taya a bayan rumbu. Na leƙa. Regina ce da baro. Ta haƙe pelnik ɗin gaba ɗaya, da saiwa da baƙar ƙasarsa, ta ɗora a ciki. Ramin da ta bari har ya fara tara ruwa. Yadda ta yi da gwiwar nan tata, Allah kaɗai ya sani.

"Yesu, Maryamu! Renia, ina za ki da shi?"

"Wajen mai shi."

Haka muke yi, ban ce ba haka muke yi ba. Abin da mutum ya so a lambunsa, shi ake dasa masa a kai. Ni ma na kai wa mijina nasa. Amma maƙabartarmu a kan tudu take, cikin itatuwa, farin yashi ne zalla. Ka zuba ruwa, kafin ka miƙe ya ɓace.

"Ba zai rayu a can ba," na ce. "Yashi ne. Zuwa Yuni ya bushe ƙurmus. Shi kaɗai ya rage a duk ƙasar nan, Renia."

"Zan riƙa ba shi ruwa."

"Da wace gwiwar? Haba! Ki mayar da shi ramin, ko mu kai shi ƙarshen fadama inda ruwa ya dawo. Can ya so."

"Fadama zan riƙa zuwa in kunna masa kyandir? Mijina yana kan tudu."

"Ki saurare ni mana, ni na san abin da nake faɗa. Wata uku ina ba shi ruwa. In kin bar shi a nan, baɗi zai yi fure, mu bar shi ya yi iri, ni da ke mu je mu watsa."

Ta saki hannun baron ta juyo. Ba ta ɗaga murya ba. Regina da ko kaza ba ta iya kora sai ta ba ta haƙuri.

"Ana saura kwana huɗu ya tafi na tambaye shi, tun yaushe ya sani. Ya ce tun kafin Ista. Na ce, kuma ka bar ni na yanke? Ya ce kada in damu, ai ban sani ba. Na ce to wa ya sani? Ya juya fuska bango." Ta gyara ɗankwalinta. "Mutum ɗaya yake tsayawa magana da ita a shinge, Lodzia."

Ni take nufi. Ni.

"Alkawari ya sa na yi masa," na ce daga baya.

"Alkawarin kawo kwando?"

Ta ci gaba.

"Na ce miki shekara ɗaya ba za ta kashe shi ba. A gabanki na faɗa, kina kallona. Kullum sai na ji kaina ina faɗar ta." Ta share hanci da bayan hannu. "Ranar da maganarki ke da amfani ba ki yi ba. Yau riƙe ta. Zo ki kama mini baron nan, ba zan iya hawa da shi ba."

Na tsallaka shingen na kama. Yana da nauyi, ƙasar a jiƙe take sharkaf. Ita tana gaba da shebur a kafaɗa tana ɗingishi, ni ina baya ina turawa, mutane masu saukowa da tsintsiyoyinsu suna gaishe mu, suna cewa Allah ya ji ƙan Hirek, ai kuwa zai ji daɗi. Baron yana da 'yar huda a ƙasa. Ruwa ya yi ta ɗiga a kan hanya tun daga ƙofar gida har tsakiyar hawan, kafin mu kai ƙofar maƙabarta ya daina.